Abin da Mai Gandun Raino Zai Ɗora a Waya

Kayan da muke sayarwa a gandun rainon tsirrai ba su da kyan gani a ranar da ake sayensu. Dashen mangwaro a baƙar leda, tsawonsa bai wuce gwiwa ba, 'yan ganyayyaki a kansa, ga ɗaurin leda a ƙugunsa inda aka yi masa aure, wato aka haɗa masa reshen wata bishiya. Ka ɗauki hotonsa ka jera da na lemu da na gwaiba, wanda ke murza waya da babban yatsa kore kawai zai gani ya wuce. Mai takalmi yana nuna maka abin da za ka sa a ƙafa yau, ni kuwa hajata sai bayan shekara uku ko huɗu take nuna ko ita wace ce. Da wannan matsala na shiga harkar tallata gandun a kafafen sada zumunta.

'Yar yayata ce ta riƙe min waya a farko, don ta fi ni sanin kan manhajoji. Ta ce, "Kawu, da wanne za mu fara?" Na ce da wanda masu saye suka riga suka saba. Shi ya sa muka fara da WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa. Yana da wurin jera haja da hoto da bayani, yana da saƙon da ke amsa wa mutum da kansa lokacin da hannunka ke cikin ƙasa, kuma za ka iya liƙa wa kowace hira alama: wannan ya tambaya, wannan ya biya, wannan yana jiran kaya. Sai dai yana da sharuɗɗansa. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, kuma ba ya isa ga kowa sai wanda ka adana lambarsa, shi ma ya adana taka. Jerin aika saƙon bai-ɗaya mutum 256 yake ɗauka, wanda bai adana lambarka ba kuwa saƙon ba zai same shi ba. Saboda haka aikin farko a bakin ƙofa aka yi shi, tun kafin a kunna kyamara. Duk wanda ya sayi ko da dashe ɗaya ne, kafin ya fita sai na roƙe shi ya adana lambar gandun, in faɗa masa dalili: a can zan riƙa nuna yadda ake kula da abin da ya saya.

Daga nan muka buɗe shafi a Facebook da Instagram, TikTok ya biyo baya. Ban sa rai sosai a kan rubutun shafi ba, domin tun Janairun 2018 kamfanin Facebook ya sanar da cewa zai fifita abin da dangi da abokai suka wallafa a kan na shafukan kasuwanci. Gajeren bidiyo ne ke fita waje ya sami wanda bai taɓa jin sunanka ba. Instagram ta kawo Reels a 2020, YouTube ta kawo Shorts, TikTok kuma dama a kan haka aka gina shi, kuma dukkansu bidiyo a tsaye suke so, ma'aunin 9:16. Sai muka tsayar da doka guda: a ɗauka sau ɗaya da kyamarar waya, a adana asalin, a ɗora shi a kowane dandali daban. Ba ma sauke bidiyo daga TikTok mu kai Instagram, saboda tambarin da ke yawo a jikinsa. Instagram da kanta ta faɗa a 2021 cewa ba za ta riƙa tura irin waɗannan gaba ba.

Dandali ya samu, saura abin ɗorawa, kuma a nan ne shafukan gandaye da yawa suke mutuwa. Hoton fure yau, hoton fure gobe, jibi "kaya sun iso", gata shiru. Ni littafi na saya, irin na 'yan makaranta, na rataye shi da biro a ginshiƙin rumfa. Na ce da duk mai aiki a gandun, kowace tambaya mai saye ya yi a rubuta ta yadda ta fito daga bakinsa, kada a gyara masa magana. Da littafin ya yi nisa na zauna na karanta, sai na ga tambayoyin ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. Sau nawa zan ba shi ruwa? Me ya sa ganyen ya yi rawaya? Yaushe zai fara 'ya'ya? Zai rayu a cikin ɗaki? Saiwarsa za ta fasa min katanga? Na dasa bai jima ba ya bushe, me ya faru?

Kowace tambaya ta zama bidiyo ɗaya, kuma maganar mai tambayar ita muke rubutawa a saman bidiyon. Mutumin da tsironsa ke mutuwa ba zai tsaya a kan "dabarun ban ruwa na zamani" ba. In ya ga an rubuta "ina ba shi ruwa kullum amma yana ta yaushi", yatsansa zai tsaya, don shi ne ya faɗe ta jiya.

Da tambayar ruwa na fara, domin a abin da na gani yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe tsirrai a hannun sababbin masu saye. Saiwa tana numfashi. A tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙofofi da iska ke zama. Idan kullum ƙasar a jiƙe take sharkaf, ruwa ya cike ƙofofin, saiwa ta rasa iska ta fara ruɓewa, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya jan ruwa. Sai ganye ya yi laushi ya sunkuya, mai shi ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. Ban tsaya zuba wannan bayani a gaban kyamara ba. Tsiro biyu na ɗauko na yage ledar kowanne: ɗaya saiwarsa fara tas da ƙarfinta, ɗayan ta yi duhu tana narkewa a hannu. Na tura yatsa cikin ƙasar tukunya har gaɓa ta biyu na ce, in ka ji danshi ka ajiye buta. Na kifa tukunyar na nuna ramin da ke gindinta, na ce wadda ba ta da wannan kada a shuka komai a cikinta. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba.

Rawayar ganye kuwa hotuna muka jera mata, irin waɗanda ake ja ɗaya bayan ɗaya, saboda abu ne da mutum ke so ya riƙe a hannu ya kwatanta da tsironsa. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya gaba ɗayansu, sau da yawa ƙarancin sinadarin naitirojin ne, domin tsiro yana kwashe shi daga tsohon ganye ya kai wa sabo. Idan kuwa sababbin ganyen sama ne suka yi rawaya amma jijiyoyinsu na nan kore, sai a yi zargin ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda tsiro ba ya iya kwashewa daga tsohon ganye, kuma yakan faru a ƙasa mai yawan alli ko da sinadarin yana cikinta. Hoto na ƙarshe yana tunatar da mutum ya fara duba ruwa kafin ya zuba taki. Wannan jerin bai tara masu danna alamar so da yawa ba, amma an yi ta adana shi ana tura wa juna, har yau kuma mutane suna zuwa da shi a buɗe a waya.

Abin da ya fi komai jan ido a gandun shi ne auren itace, kuma a kansa ne aka sha gardama. Dattijon da ke mana wannan aiki ya girme ni nesa ba kusa ba. Da na nemi in ɗauke shi sai ya ajiye wuƙa ya dube ni.

"Yaro, abin da muke ci da shi za ka baza wa duniya?"

Na ce, "Baba, ai gani ba ci ba. Su kalla, su gwada, su ji yadda abin yake."

Ya yi shiru, can ya ce to, amma kada a nuna fuskarsa. Sharaɗin nan nasa shi ya gyara bidiyon. 'Yar yayata ta matso da waya kusa da hannuwansa, babu abin da ke fitowa sai yatsu da wuƙa da itace. Ana gani yana zaɓar gindin da aka raina daga ƙwallo, wanda kaurinsa ya kai na fensir. Ya datse kansa, ya tsaga shi a tsakiya. Ya ɗauko ɗan reshen da aka yanko daga bishiyar da aka san 'ya'yanta, ya fere shi ta gefe biyu har ya yi tsini, kowane gefe da ja ɗaya na wuƙa. Ya soka shi a tsagar, ya daidaita ɓawo da ɓawo, domin siririn shimfiɗin nan mai danshi da ke ƙarƙashin ɓawo shi ne ke haɗewa, in bai haɗu ba ko a gefe ɗaya ne auren bai ɗauru ba. Ya naɗe da zaren leda tamau. Ba mu sa kiɗa ba, ƙarar wuƙar ta isa. Bayan 'yan makonni muka dawo kan wannan dashe muka nuna tohon da ya ɓullo.

A ƙasan bidiyon na rubuta dalilin wahalar. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekara 5 zuwa 8 kafin ya fara 'ya'ya, kuma a ire-ire da yawa 'ya'yan ba sa kama da na uwar. Mai aure kuwa a shekara 3 zuwa 4 yake farawa, ya kuma ba ka ainihin irin da aka ciro reshen daga gare shi. Tsoron Baba bai tabbata ba, ko da yake ban ce bai da dalili ba. Wasu sun gwada sun yi nasara, na ga hotunansu. Amma mafi yawan masu kallo abin da suka ɗauka daban ne: sun gane dalilin da ya sa mai aure ya fi tsada, ciniki ya daina tsayawa a kan "ai duk mangwaro ne". Daga wannan bidiyo wasu biyu suka fito, kuma a ganina sun fi shi amfani ga mai saye. Ɗaya yana nuna cewa a bar mahaɗar auren a saman ƙasa lokacin dasawa. Ɗayan yana nuna a cire duk tohon da ya fito daga ƙasan mahaɗar, domin na gindi ne, in an bar shi zai rinjayi reshen da aka biya kuɗi dominsa, a wayi gari da bishiyar da ba ita aka saya ba.

Batun ɗauka ba shi da tsawo. Da safe ko da yamma muke yi, don hasken tsakar rana yana ƙona launin ganye a hoto. A goge idon kyamara, wanda a gandu kullum cikin ƙura yake. A kafa wayar a kan wani abu. A fara da aikin kansa, gaisuwa da gabatarwa su zo daga baya ko a bar su, saboda daƙiƙun farko ne ke yanke hukuncin ko mutum zai tsaya. A rubuta maganar a jikin bidiyo domin masu kallo ba murya. Shi ke nan.

Matsalar ƙaramin dashe da ba ya nuna kansa kuwa, hanya biyu na bi. A gefen gandun muna da manyan bishiyoyin da muke yanko rassa daga jikinsu. Sai in riƙe ledar dashe a hannu in tsaya a gindin uwarsa lokacin da ta yi 'ya'ya, a ɗauka daga ledar zuwa sama. Ba sai na ce komai ba. Hanya ta biyu ta fi cin lokaci. Na dasa lemu ɗaya a fili, na kafa turke a inda mai ɗaukar hoto zai riƙa tsayawa, na jingina sandar awo a gefensa. Kowane wata hoto ɗaya, daga wuri ɗaya. Idan an haɗa su a jere, girman shekara yana wucewa a cikin 'yan daƙiƙu, kuma mai saye yana ganin gaskiyar saurin girman, da watannin da bishiyar ke tsayawa cak ba ta ƙara komai. Wannan ya rage min saƙon masu cewa nasu ya ƙi girma.

Akwai abubuwan da ke saurin yaɗuwa a wannan harka da na ƙi taɓawa. Na farko shi ne cewa tsiron ɗaki yana tace iska. Maganar ta samo asali daga binciken da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1989, amma a cikin rufaffun akwatunan gwaji aka yi shi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka ce sai an sa tsiro 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin a kamo abin da shigar iska ta yau da kullum ke yi wa gini. Na yi bidiyo na faɗi haka, na ce a sayi tsiron ɗaki don yana da kyau kuma yana sanyaya rai, iska kuma a buɗe taga. Na biyu shi ne hotunan shuɗin wardi da ake tallata irinsa a intanet. Wardi ba shi da ƙwayar halittar da ke samar da shuɗin launi. Kamfanin Suntory na Japan ya yi shekaru yana aikin sauya ƙwayoyin halitta kafin ya fara sayar da nasa a 2009, shi ma launinsa ya fi kusa da shunayya mai haske. Duk wardi shuɗi shar da ka gani a hoto, rini ne ko aikin kwamfuta. Don haka a shafinmu ba ma ƙara wa fure launi ko kaɗan, ba ma kuma ɗauko hoton wani mu ce namu ne.

A gefe guda akwai gaskiyar da mai sayarwa kan so ya yi shiru a kanta, ita kuma na mayar da ita abin ɗorawa. Oliyanda tana da kyan fure tana jure fari, amma duk jikinta guba ne. Difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigo-ɗigon fari, ruwanta yana ƙona baki da maƙogwaro in yaro ya tauna. Furen lili yana lalata ƙodar kyanwa. Na jera su na ce mai ƙananan yara ko dabbobi a gida ya faɗa min kafin ya zaɓa. Na rasa cinikin wasu tukwane a kan haka, na sani. Amma iyaye mata ne suka fi kowa tura wannan bidiyo, kuma da suka zo saye sai su ce in zaɓa musu da kaina.

Don kada shafin ya zama gargaɗi zalla, akwai 'yan abubuwan mamaki da nake sakawa a tsakani. Bogenbiliya, alal misali: abin nan mai launi da kowa ke kira furenta ganye ne da ya sauya kama, ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Ka kusanto da kyamara mutum ya gani da idonsa, sa'an nan ka ƙara masa da cewa ta fi yin ado idan tana shan rana kuma ba a cika mata ruwa da taki ba. Ko gwanda, wadda take da namiji da mace da mai haɗe da duka biyun. Nakan sa hoton fure in ce a faɗi wanne ne, washegari in ba da amsa: furen namiji yana zuwa da yawa a kan dogon sili, na mace babba ne a manne da jikin bishiya. Masu gwandar da ta yi shekara ba 'ya'ya sukan gane matsalarsu a nan.

Wani sashe na abin ɗorawa ba ni nake samar da shi ba. Bayan wata biyu ko uku da saye nakan aika saƙo in tambayi lafiyar dashen. Wasu su turo hoton nasara, wasu na ciwo, kuma na ciwon sun fi min amfani. Wata ta turo da cewa, "Malam, ga lemun nan, ganyensa sai nannaɗewa yake, kuma kamar an yi masa zane da azurfa." Tsutsar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ce, tana haƙa hanya a cikin sabon ganye. A babbar bishiya ɓarnarta ba ta cika wuce muni ba, ƙaramin dashe ne take rage wa ƙarfi. Na yi mata bayani, sa'an nan na ce, "Hajiya, kin yarda in nuna wa mutane hoton nan? Ba zan sa suna ba, ba kuma za a ga gidanki ba." Ta yarda. Daga nan aka sami rana guda a mako da muke kira asibitin tsirrai. Ba na sa hoton kowa sai da izininsa, ina kuma yanke duk abin da zai nuna ƙofa ko lamba ko fuska. In hoto bai isa a gane ciwo ba, nakan ce a kawo ganyen in gani, don ba da magani a kan hasashe yana iya kashe bishiya.

Da abubuwan ɗorawa suka taru, sai batun lokaci. Abin da na tsara shi ne magana ta riga kaya fita. Makonni kafin lokacin dashe ba na tallata komai, shiri nake nunawa: ramin ya ninka faɗin leda amma kada ya fi ta zurfi, takin ya zama wanda ya ruɓe, ɗanyen taki yana ƙona saiwa, tsakanin mangwaro da mangwaro a bar mita 8 zuwa 10, kuma a nisanta shi da gini. Sai yadda ake sabar wa dashe da rana a hankali tsawon mako ɗaya ko biyu bayan ya fito daga rumfa. Sai ranar dasawa: da yamma, a cire leda gaba ɗaya, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa jikin itacen ba. Wanda ya bi waɗannan ya riga ya haƙa rami, mai rami kuwa dashe yake nema. A lokacin ne nake sanar da abin da ke akwai da adadinsa, in buɗe rajistar masu so a ajiye musu. Lokacin da kasuwa ta kwanta kuma sai a koma kan cika leda, shuka ƙwallo, haɗa ƙasa, da datse rassa. Manhajar Meta Business Suite tana bari a jera abin da za a wallafa a Facebook da Instagram a sa masa rana da sa'a, don haka rana guda muke ware wa ɗauka, sauran kwanaki waya ta bar mu mu yi aiki.

'Yar yayata ta so mu yi gasar "kira abokai uku ka ci kyauta". Na ƙi. Tun Disambar 2017 Facebook ya ce zai riƙa danne rubutun da ke roƙon a danna ko a kira suna, kuma ko ba don haka ba, mai bin ka don kyauta ba shi da rami a gida. Waƙoƙin da ake yayi ma mun bar su, domin shafin kasuwanci ba shi da izinin amfani da yawancinsu, ana iya kashe muryar bidiyon. Ƙarar ruwa a kan ganye ba ta da mai ita.

Wani abu da gajeren bidiyo ke jawowa shi ne masu kallo daga nesa. Lambar masu kallo ta hau, ka ji daɗi, sai ka duba ka ga rabinsu ba su da hanyar karɓar kayanka. Dashe ba ya son doguwar tafiya, ƙetare iyaka da shi kuma sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, tsarin da ya samo tushe daga yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951, ƙasashe da yawa ma ba sa barin a shigo da ƙasar shuka ko kaɗan. Saboda haka nake sa alamar wuri a kowane bidiyo, na yi wa gandun rajista a taswirar Google da lokutan buɗewa, in kuma zan biya kuɗin talla nakan taƙaita shi ga da'irar da mota za ta kai kaya a yini ɗaya. Ma'aunin da na fi yarda da shi tambaya ce a bakin ƙofa: "A ina ka gan mu?" Amsar tana shiga littafi, tare da bidiyon da mutum ya ambata. Daga nan na gane cewa bidiyon da ya fi tara kallo da wanda ya fi kawo mai saye ba safai suke zama ɗaya ba.

Bidiyon da ya fi taɓa gandun kansa shi ne na yadda ake zaɓar dashe mai lafiya. A ciki na ce kada a ruɗu da tsawo, a juya leda a duba gindinta. Idan saiwa ta huda ledar ta shiga ƙasa, an tsinke ta wajen ɗagowa. Idan ta yi ta kewaya cikin ledar har ta zama dunƙule, dashen ya daɗe fiye da kima, kuma saiwar na iya ci gaba da kewayawa bayan an dasa har ta shaƙe gindin bishiyar. Ba a jima ba masu saye suka fara zuwa suna ɗaga ledojinmu ɗaya bayan ɗaya suna leƙa ƙasansu, suna ture wanda bai yi musu ba. Dole tsarin aiki ya bi abin da aka faɗa a waya. Muka shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin layuka don kada saiwa ta kama ƙasa, muka sa lokacin motsa ledoji da datse saiwar da ta leƙo, muka rage yawan abin da muke rainawa zuwa abin da rajista ta nuna za a saya. Kowane dashe yanzu yana ɗauke da ɗan kati mai sunan iri da watan da aka yi masa aure. Wanda ya wuce lokacinsa bai fita ba, a mayar da shi babbar leda da sabuwar ƙasa, a warware saiwar, a kai shi layin manya da katinsa na asali a wuya.